Yadda Zulema Ta Rama wa Ɗanta

A unguwarmu ta Las Latas, can bakin kogin Sali a gefen birnin Tucumán, in ka tambayi wanda ya kafa ƙungiyar zari-ruga ta yara, kowa zai ce maka Fasto Anselmo ne. Haka ne, shi ya kawo ƙwallo, shi ya kawo addu'a. Amma wadda ta cika filin da yara Zulema Brizuela ce, kuma ba don Allah ta fara ba. Ni na sani, domin katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, kuma ni na riƙe ɗanta Lisandro ranar da aka yi masa baftisma. Shi ya sa har yau komadre muke kiran juna.

A gonakin rake aka haifi Zulema, a kudancin lardi. Ubanta mai saran rake ne, uwarta kuwa mai yin empanada, wato ƙullin fulawa da ake cusa wa nama a gasa, a wurinta ta koyi yanka nama ƙanana-ƙanana da wuƙa da naɗe bakin ƙulli da yatsu biyu. Da aka rufe masana'antar sukarin garinsu sai suka kwaso 'yan komatsansu suka dawo bakin kogi, suka kafa ɗakin kwano kamar yadda iyayenmu duka suka yi. Mace ce gajera, mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan dariya amma in ta yi sai an ji ta a layi na uku. Ta auri Nemesio, ya tafi kudu tsinkar tuffa wata shekara, ya aiko da saƙo sau biyu, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Bai dame ta ƙwarai ba. Ta gina tanderun laka a bayan gida, ta riƙa sayar da empanada a tashar mota, ta reni ɗanta.

Ovidio Ledesma kuwa abokin Nemesio ne tun suna samari. Da amalanken doki yake yawo yana tsintar tsofaffin ƙarafa, kuma ba a yin mako bai ci abinci a gidan Zulema ba. Shi ya koya wa Lisandro hawan doki, yaron kuma kawu yake ce masa. Daga baya dokin ya mutu, Ovidio ya buɗe ɗan shago mai taga ɗaya a bakin layinmu, yana sayar da taba da lemon kwalba. Ba a jima ba muka ga samari suna tsayawa a tagar ba tare da sun fito da taba ko lemo ba. Pako yake sayarwa, wannan dattin hodar iblis da ake zuƙa a guntun bututun ƙarfe. Jin daɗinsa ba ya kai tsawon shan ƙoƙo ɗaya na mate, shayin ganyen da muke sha, sai jiki ya nemi wani, kuma yaro ba ya daɗewa a kansa kafin ya koma ƙashi da ido.

Lisandro bai cika shekara sha shida ba ya faɗa ciki. Ya fara da sayar da takalmansa, ya bi da tukunyar gas, sannan kwanon rufin bayan gida. Wata rana Zulema ta dawo daga tasha ta tarar har ƙofar ɗaki ya cire. Ta yi duka, ta yi lallashi, ta taɓa ɗaure masa ƙafa da sarƙa a jikin gado tana kuka tana ba shi abinci a baki. Da ta ga abin ya fi ƙarfinta sai ta tafi wurin Ovidio, ni ina biye da ita. Ta tsaya a tagar ta roƙe shi, ta tuna masa da cin abincin da ya yi a gidanta, ta ce ba ta hana shi sana'arsa ba, yaron nan ɗaya kawai ya ƙyale mata.

Yana ɓare lemon zaƙi a lokacin, bai ma ajiye ba. Ya ce, "Zulema, ni ban aika a kira min kowa ba. In ban sayar masa ba zai je gaba ya saya, gwamma ya sha mai kyau a wurin kawunsa."

A tsakiyar sanyin shekarar da ta biyo, lokacin da tokar ƙona rake take sauka a kan shanya, masu zuwa aikin tsinkar lemon tsami suka ga Lisandro da sassafe a cikin kwata kusa da gada. Zuciyarsa ce ta tsaya. Ba riga a jikinsa, ya sayar. Ranar jana'iza Ovidio ya aiko da kambin furanni, mafi girma a wurin, da sunansa rubuce a jikin ƙyalle. Zulema ta bari har aka gama binnewa, ta jawo furannin a ƙasa tun daga maƙabarta har ƙofar shagonsa, ta zuba musu kananzir ta kunna. Ta tsaya tana kallon tagar har wutar ta mutu. Bai leƙo ba.

Daga nan komadre ta sauya. Ta daina zuwa tasha. Ta kai ƙara wurin 'yan sanda, aka rubuta, aka ce ta je za a neme ta, ba a neme ta ba. Sai na riƙa jin ƙarar wasa wuƙa ta bayan katanga, safe da yamma, alhali na san ba nama a gidan. Na leƙa na tambaye ta, ta ce ba za ta ɓoye min komai ba, ranar Lahadi Ovidio yakan fita shi kaɗai zuwa gidan ƙanwarsa a ƙetaren gari, inda ya ajiye ɗansa Tadeo don kada yaron ya tashi a cikinmu, kuma hanyar tana bi ta lungun bayan makaranta. Ta faɗe shi kamar mai lissafa kayan miya.

Ban san wurin wanda zan je ba sai wurin Fasto Anselmo Coronel, duk da cewa mu biyu ba 'yan cocinsa ba ne. Mu 'yan Katolika ne, kyandir muke kunnawa, su kuwa masu tafi da jita ne. Cocin ma tsohon shagon faci ne, har lokacin yana warin roba. Anselmo ƙato ne, hancinsa a karye, kunnuwansa sun dunƙule kamar an tauna. Ubansa shi ne mai yankan ciyawa a kulob ɗin masu kuɗi da ke gindin dutse, a nan ya koyi zari-ruga tun yana yaro, har ya yi suna kafin giya da hoda su kai shi ƙasa. Ya ce a gidan yari Yesu ya same shi. Da ya fito sai ya share wani fili a bayan juji, ya kafa bututun ruwa biyu a kowane gefe, ya ce zai koya wa yaran unguwa wasan. Mutane suka yi ta dariya. A wurinmu zari-ruga wasan 'ya'yan likitoci ne, namu yaran ƙwallon ƙafa suka sani. Waɗanda suke zuwa masa a lokacin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ya zo gidan Zulema ya zauna a kan bokiti, domin kujerun ma sun tafi. Na zaci zai buɗe Littafi ya fara maganar gafara. Bai yi ba. Ya karɓi mate, ya sha, ya tambaye ta in ta kashe Ovidio ranar Lahadi, wa take ganin zai zauna a tagar ranar Litinin. Ya ce ɗan'uwansa ne zai zauna, ita kuma tana kurkuku, kuma za a yi wa Ovidio jana'iza da mawaƙa da furanni.

"To in bar shi ya tsufa yana ɓare lemo?" in ji ta.

"Doña Zulema, ni ba zan ce miki ki so shi ba, ba yau ba. Amma ki tambayi kanki, mutumin nan me yake ci? Yara yake ci. Kowane yaro da ya kwana a filina a gajiye, ranar bai je taga ba."

Sannan ta tambaye shi me yaran suke ci bayan wasa. Ya ce a al'adar wasan, bayan an gama zagaye biyu a fili akwai zagaye na uku, inda 'yan wasa duka suke zama su ci abinci tare, amma nasa yaran burodi ne da ruwan famfo. Ta ce daga Asabar ita za ta dafa. Ta ƙara da cewa kada ya ruɗi kansa, ba don Yesunsa ta zo ba, ta zo ne ta ga Ovidio yana bara. Ya ce shi ma ranar da ya fara shiga coci shayi ya je sha.

Abin da Zulema ta yi bayan nan, ban taɓa ganin irinsa ba. Kullum da la'asar, lokacin da yara suke fara taruwa, sai ta ɗauki ɗan bencinta da kwandon empanada masu zafi ta zauna daidai gaban tagar Ovidio, a ɗaya gefen layi. Hanyar gwamnati ce, ba mai tashinta. Duk yaron da ya doso sai ta kira shi da sunansa da na uwarsa. "Kai, Wálter ɗan Felisa, zo nan. Yaushe rabonka da nama?" Yaron da ya kwana biyu bai ci ba, ƙamshin nan yana kama shi a wuya. Takan ba shi ɗaya kawai, ta ce sauran suna fili. Wani ya karɓa ya zage ta ya wuce taga. Wani ya bi ta. Akwai wanda ta ja da kunne tun daga nan har bayan juji, yana ihu tana ce masa ta wanke masa kashi yana jariri, ba zai nuna mata girma ba.

Farkon abin ba kyan gani. Yaran ba su da ƙarfin gudu, wasu in sun zagaya fili sau ɗaya sai amai. Ƙwallon mai siffar gwanda in ta faɗi ƙasa ba a san inda za ta nufa ba, kuma sun kasa gane dalilin da ya sa za a ce mutum ya ruga gaba amma ya miƙa ƙwallo baya. Abin da ya riƙe su shi ne kayarwa. Anselmo ya koya musu yadda ake sunkuyawa a rungume ƙafafun mutum a kai shi ƙasa, da yadda ake dunƙulewa kafaɗa da kafaɗa a yi ture. Yaran da suka saba a kore su daga kowace ƙofa sai ga wurin da aka ce su buga da duk ƙarfinsu, in sun tashi kuma su miƙa wa wanda suka kayar hannu. Kafin a fara sukan yi da'ira, hannu a wuyan juna, Fasto ya yi addu'a gajera, kowa ya faɗi ko ya sha ko bai sha ba tun haɗuwar baya. Wanda ya sha ba a korarsa, amma ba zai taɓa ƙwallo ba, zai zauna a gefe ya yi kallo, a ba shi abinci. Wannan zaman ya fi musu duka ciwo.

Ba duka suka tsaya ba. Wasu sun yi wata biyu suka koma. Wálter ɗan Felisa, wanda ya fi kowa gudu, ya koma sau uku, a na ƙarshe mota ta buge shi a kan babban titi yana cikin maye. Zulema ba ta yi kuka a jana'izarsa ba, ta ce a ƙara a kan lissafin Ovidio. Amma waɗanda suka tsaya sun fara cika riga, wuyansu ya yi kauri. Anselmo ya nema wa manyan aikin ɗora kaya a kamfanin lemon tsami, ƙananan kuma ya ce ba makaranta, ba wasa.

Sai komadre ta koma kan yaran da suke yi wa Ovidio aike, masu kai kaya layi-layi da masu tsayawa a kwana suna fito in sun ga baƙuwar mota. Babbansu wani ne da ake kira Chueco saboda ƙafafunsa gwame ne. Ta bi shi wata da watanni. Ta gano ƙanwarsa tana asibiti, ta riƙa kai mata romo. Ta riƙa ce masa a gaban mutane ai ta san dalilin da ya sa ba ya zuwa fili, tsoro yake ji kada ƙananan yara su kayar da shi. Ranar da ya zo don ya ƙaryata ta, wani ɗan siriri ya ɗauke shi ya maka da ƙasa, ya tashi yana dariya yana cewa a sake. Da yamma Zulema ta bi ta gaban shago ta ƙwanƙwasa tagar da cokali.

"Ovidio, ya kasuwa? Na ga kamar ka rame. In aiko maka da empanada?"

Bai bar ta haka ba. Wata Asabar muka zo muka tarar an watsa fasassun kwalabe a filin daga wannan gefe zuwa wancan, an tattake su cikin ƙasa. Zulema ta bi gida-gida ta fito da iyaye mata, muka durƙusa muka tsince da hannu har rana ta faɗi, yatsunmu duk jini. Ta tara a buhu, ta sa Chueco ya ɗauka, ta juye a bakin ƙofar Ovidio ta ce ga kayansa ya manta. Bayan haka aka sare bututun da aka kafa a filin da zarto. Sannan wata safiya ta tashi ta tarar an farfasa tanderunta da guduma. Wannan ne kawai na ga ya taɓa ta, domin ita da Lisandro suka gina shi da hannunsu. Yaran ƙungiya suka kwaɓa laka suka gina mata wani, ya fi na da girma, ya ɗan karkace.

Wasan farko da suka yi da 'ya'yan kulob ɗin gindin dutse, an lallasa su har muka daina ƙirga. Iyayen can suna riƙe da jakunkunansu da kyau in mun gifta. Amma a zagaye na uku yaransu suka cinye empanadar Zulema tas, har suna tambaya ko akwai saura. A shekara ta uku muka ci su, da ƙyar, Chueco ne ya dire ƙwallo bayan layi da mutum biyu rataye a bayansa. Da babbar motar kamfanin lemon tsami ta sauke mu a unguwa, Fasto ya ce a wuce coci a yi godiya. Zulema ta ce za a je, amma ta layinmu za a bi. Ta shige gaba, yara kusan talatin a bayanta cikin riguna kore, da laka, da waƙa, ta tsayar da su a gaban tagar suka yi ta tsalle har kwanon shagon yana amsawa. Anselmo bai ji daɗi ba. Ya ce mata ba don wannan ya tara yaran ba. Ta ce shi ya san don me ya tara su, ita ma ta san don me ta dafa.

Ana cikin haka labari ya zo cewa Tadeo, ɗan Ovidio da ake ɓoyewa a ƙetaren gari, mai zuwa makarantar kuɗi da farar riga, ya fara sha. A hutun da ya yi wurin ubansa ya gano inda ake ajiye kaya. Ni na kai wa Zulema labarin, kuma na yi nadamar yadda na gan ta. Ta ajiye wuƙa, ta zauna, ta yi dariyar nan tata da aka daɗe ba a ji ba, har hawaye. Da yamma ta sayi kyandir mafi tsada ta kunna a gaban hoton Lisandro. Na ce komadre, yaro ne fa. Ta ce nata ma yaro ne.

Ƙanwar Ovidio ta kori Tadeo bayan ya sayar mata da talabijin. Ubansa ya kulle shi a ɗaki, ya fasa rufi ya fita. Ya riƙa kwana a ƙarƙashin gada, yana saye a wurin abokan gabar ubansa. Wata rana Anselmo ya ɗauko shi a kafaɗa kamar buhu ya kawo shi fili, ya zaunar da shi a gefe. Da aka zo cin abinci Zulema ta bi layi tana zuba wa kowa, da ta iso kansa ta ɗaga tukunya ta tsallake. Yaron ya sunkuyar da kai. Fasto ya miƙa masa nasa kwanon. Bayan an watse suka yi faɗan da ba su taɓa yi ba. Ya ce a teburin nan ba a tambayar ɗan waye, in ba za ta iya ba ta ɗauki tukunyarta ta tafi. Ta ɗauka ta tafi. Mako biyu yara suna cin burodi.

Ranar da ta dawo, kwanon Tadeo ta fara cikawa, ta ƙara masa ƙwai. Kowa ya ce Ubangiji ya taɓa zuciyarta, har wata ta ba da shaida a coci. Ni da na san ta na jira muka koma gida na tambaye ta. Ta ce ta yi tunani ne. In yaron ya mutu, Ovidio zai yi kuka, mutane su tausaya masa, ya zama ɗaya daga cikinmu. Ita ba ta so ya zama ɗaya daga cikinmu.

"So nake yaron ya rayu, ya yi ƙiba, ya zama mutum, kuma ya riƙa tsallaka titi in ya hango ubansa."

Ta ɗauke shi ta kai gidanta, ta ba shi gadon Lisandro. Lokacin da jikinsa yake neman abin, yana rawar sanyi yana zaginta yana dukan bango, ita ta zauna a bakin ƙofa ta hana shi fita. Ta yi masa wanka kamar jariri. Kuma kullum in yana cin abinci sai ta ba shi labari, ba da faɗa ba, a hankali: yadda ubansa yake zama a wannan wurin yana cin abinci, abin da ya ce mata a taga, yadda aka sami Lisandro. Ta lissafa masa sauran yaran da aka binne, da sunayen iyayensu mata. Ban san ko daidai ne a yi wa yaro haka ba. Amma ba ta faɗa masa ƙarya ko ɗaya ba, kuma ni shaida ce cewa a hankali ta fara duba ko ya sa rigar sanyi in zai fita.

Tadeo ya warke, gwargwadon yadda ake warkewa daga wannan abu. Ya yi tsawo, ya zama mai tsalle ya cafe ƙwallo in an jefo daga gefe. Wata Asabar da rana, ana tsakiyar atisaye, sai ga Ovidio ya shigo fili, karo na farko. Ya sa riga mai guga, yana riƙe da sababbin takalman wasa a kwali. Usur ya tsaya. Ya kira ɗansa ya ce ya gode wa Fasto, yanzu ya zo su tafi gida. Tadeo ya tsaya a cikin 'yan'uwansa bai motsa ba. Ovidio ya sake kira. Yaron ya ce yana da gida, ya juya ya ce wa Zulema, "Inna, in kawo itacen yanzu ko sai an tashi?"

Ovidio ya juyo wurinta. Ya ce ta rama, ya ji, ya isa haka, ta ba shi ɗansa. Ta goge hannu a zanin gabanta, ta matso har tana jin numfashinsa.

"Ni nawa na san inda yake kwance, ina zuwa in share masa ciyawa. Kai naka ga shi nan, za ka riƙa ganinsa kullum yana wucewa. Ka ɗauki takalmanka, a nan ba ma sa abin da aka saya da yaran mutane."

Ya bar kwalin a ƙasa ya tafi. Ba wanda ya taɓa shi, har ruwan sama ya jiƙa shi ya ruɓe a wurin.

Ba zan ce Zulema ce kaɗai ta karya Ovidio ba. Ciniki ya ja baya, ba shi da yaran aike, waɗanda suke ba shi kaya suka ga ba shi da amfani suka buɗe wata taga a layi na huɗu da wani saurayi da ba ya jin kunyar kowa. Sun zo sun yi masa duka a cikin shagonsa, ba a daɗe ba ɓarin jikinsa ya shanye. Ya koma zama a keken guragu a bakin ƙofa, baki a karkace, yana miƙa hannu ga masu wucewa. Zulema takan sauya hanya don ta bi ta wurin. Ba ta ce masa komai, tsayawa kawai take yi ta kalle shi sosai ta wuce.

Abu ɗaya ne bai tafi yadda ta tsara ba. Bayan an yi wa Tadeo baftisma a tafkin roba a bayan coci, sai ya fara zuwa wurin ubansa ranar Lahadi, ya yi masa aski ya sauya masa kaya. Ya gaya mata da bakinsa kafin ya fara. Ya ce bai manta da komai ba, amma ba zai iya tsayawa a da'ira yana addu'a ba alhali tsohon yana kwance cikin fitsari. Ta ce Fasto ne ya zuga shi. Ta daina yi masa magana har tsawon lokacin sanyi, tana ajiye masa abinci a rufe ba tare da ta dube shi ba. Ta kuma daina gaisa da Anselmo, sai dai ba ta fasa dafa wa yara ba ko sau ɗaya.

Ovidio ya mutu a farkon zafi. Ƙanwarsa ba ta zo ba, maƙwabta suka rufe ƙofofinsu, ba a sami masu ɗaukar akwati ba. Tadeo ya je fili ya tambaya, ya ce ba dole. Chueco ya tofar da yawu ya ce shi zai kama gaba, amma kada kowa ya ce masa ya yi waƙa. Wasu suka bi shi. Haka aka fito da Ovidio a kafaɗun yaran da ya sayar wa guba, Fasto yana gaba da Littafi.

Ina tsaye a ƙofar gida sai na ga komadre ta fito da jar rigarta ta zuwa biki, ta sa jan baki. Ta ce in zo in raka ta. Muka bi su a baya, nesa kaɗan, har maƙabarta. Ba ta shiga cikin masu addu'a ba. Ta tsaya a bakin ramin, ta leƙa ta ga an saukar da akwatin, ta jira har mai haƙa ya zuba shebur na ƙarshe ya daddaɓe. Anselmo ya matso ya tambaye ta a hankali ko yanzu za ta iya sakin abin. Ta ce ya bari sai ta ga Lisandro ta tambaye shi tukuna.

A hanyar dawowa ta ce yunwa take ji. Muka tsaya a wata rumfa a bakin titi, ta sayi burodi da soyayyen nama mafi girma, ta cinye shi duka a tsaye, ta sha lemon kwalba biyu. Da muka iso gida ta kwanta da rigarta, rana ba ta ma faɗi ba, ba ta farka ba sai washegari da azahar, lokacin da Tadeo ya shigo yana tambaya ko akwai albasa ko ya je ya sayo.